Masu ƙin baƙi a Ingila, hankalina ya ƙi kwanciya

Maman Haneef:
Salam jama'a, ƙanina zai tafi karatu Ingila, amma tunda na ga bidiyon masu ƙin baƙi suna maci ina ta fargaba wallahi. Waɗanda ke can don Allah ya abin yake?

Baban Zahra:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Ina nan lokacin rikicin 2024, bayan an kashe yara mata 3 a Southport aka baza ƙarya a intanet wai wanda ya kashe su musulmi ne ɗan gudun hijira, alhali a nan Birtaniya, a birnin Cardiff, aka haife shi, kawai masu ƙin baƙi suka far ma masallacin Southport, a Rotherham har otal ɗin masu neman mafaka suka nemi ƙonawa. Kusan sati ban fita da daddare ba.

Ummi:
Amma Baban Zahra ka faɗi ɗaya ɓangaren mana. Ranar 7 ga Agusta dubban mutane suka cika titi a Walthamstow ta Landan da Bristol suna cewa baƙi namu ne, turawa da yawa a ciki. Ni sai da na yi hawaye.

Baban Zahra:
Gaskiya ne Ummi. Hajiya, ƙaninki ya zo abinsa, kawai ranar maci ya zauna a ɗaki.

Maman Haneef:
Na gode sosai, Allah ya tsare mana ku.