Dig ɗin tare ruwa: wa aka tambaya kafin katafila ta iso garinku?

Malamin lakwal, Bagalam
Salamu alaikum jama'a. Tun ambaliyar 2024 ba abin da ake magana a Maradi sai dig, wato ganuwar tare ruwa, da kanibo, wato magudanar ruwa, kuma da gaskiyarmu, kowa ya ga yadda ruwan ƙarshen Agusta ya yi da gidajen ƙasa. A daminar 2024 ɗin ce ma tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya faɗi. Wanda aka taɓa yin aikin tare ruwa a garinsu ya ba mu labari: me aka ceta, me aka rasa, wajen kushewa, itatuwa, kifi da tsuntsaye?

Manomin fadama
Wa alaikumus salam Malam. Mu dig ɗinmu ya yi mana rana, ba zan ɓata shi ba. Inda aka samu matsala wurin ɗibar ƙasa ne. Takardar masu aikin ta nuna layin dig sarai, amma inda za a haƙo ƙasar cikon, an bar wa direba ya zaɓa. Shi kuwa baƙo ne, ya hango ɗan tudu kusa da tsohuwar tsamiya ya ce ga banza ta faɗi. Ashe tsohuwar maƙabartar garin ce, ba alamar komai sai tsingaron tukwane da ƙasa ta rufe rabi. Wata tsohuwa mai tsintar tsamiya ce ta jefar da ƙwaryarta ta tsaya gaban katafila tana salati. Kafin liman da mai gari su iso an riga an tono ƙasusuwa. Muka sa su a farin ƙyalle muka maida, aka kai ramin gaba. Direban nan har ya bar garin bai ƙara cin abincin kirki ba.

Masunci, Madarunfa
Ni abin da nake so a gane, ba duk cikar gulbi ce masifa ba. Tabkinmu da ita yake rayuwa. In ruwan farko ya malala cikin ciyawa, nan tarwaɗa ke hawa ta zuba ƙwai, nan 'ya'yan karfasa ke ɓuya har su yi ƙwari. Gaiwa tana kwance cikin busasshen taɓo duk rani tana jiran wannan ruwan. Giyayya ma sai gindinta ya sha ruwa take yin kyau. Ka toshe hanyar da dig mara ƙofa, shekarar farko ba ka ganin komai, sai a hankali taru ya fara dawowa ba nauyi, zalɓe da kirinjijiya su ragu.

Iyayenmu suna cewa tun da aka yi baraj, wato madatsar ruwa, na Jibiya a Najeriya zuwan ruwan ya sake hali, ga yashi yana ta cike tabkin. Kuma wurin nan ba na masunta kaɗai ba ne. Kaburburan waliyyai 99 na kewaye da shi, mutane na zuwa ziyara har daga Najeriya. Tun 2006 Nijar ta sa tabkin da dajin da kaburburan cikin jerin wuraren da take nema wa shiga gadon duniya na UNESCO, a 2019 kuma ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. Sunan dai yana takarda, kwale-kwalena kuwa yana tokarar yashi a inda da gora ba ta taɓa ƙasa.

Hajiya mai ƙuli-ƙuli
Ku yi mini haƙuri, ni ɗakina biyu suka zube, da jikokina muka kwana cikin aji kan tabarmar aro. In an ce a jinkirta aiki saboda tsuntsu, ba da ni ba. Rai ya fi kifi.

Tsohon ma'aikacin gine-ginen karkara
Hajiya, Allah ya maida alheri, kuma ba mai cewa a jinkirta. Amma bari in tuna mana abu guda. Tsohon Maradi cikin fadama yake. Ruwan 1945 ya cinye shi, shi ya sa aka hau da gari kan tudu, aka yanka waɗannan hanyoyin miƙaƙƙu. Yau mun fara gangarawa muna gini inda kakanninmu suka gudo.

Na yi aikin nan, na sani: in ka matse gulbi da dig hagu da dama, ruwan ba ya raguwa, gudu yake ƙarawa, ya je ya ci gaɓar wani can wajen Tsibiri. Fadamar da masunci ke roƙo a bar wa ƙofa, ita ce ke shanye wani kaso na ruwan da zai zo gidanki. Dokar ƙasa ta ce kafin babban aiki a yi binciken illarsa ga muhalli, a kuma saurari jama'a. Sai dai sau da yawa taron cikin zaure ake yin shi, da Faransanci, maza zalla, bayan an gama zane. Abin da na ga yana aiki shi ne a taka layin da ƙafa tun ba a zana ba, da mai gari, da sarkin ruwa, da makiyaya, da tsofaffin mata. Su suka san kushewa, da burtali, da gawon da shamuwa ke sheƙa a kai. A kuma rubuta wurin ɗibar ƙasa cikin kwangila.

Makiyayi, bakin gulbi
Baba ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Namu dig ɗin ya rufe mashaya, sai da shanu suka fasa shi da kofato suna hawa, ruwa kuma ta nan ya ɓalle. Da an bar gangare na dutse da ba a yi haka ba.

Hajiya mai ƙuli-ƙuli
To Alhaji, na ji. In an kira taron ku aiko mini yaro, zan zo da matan layinmu. Amma a yi shi da Hausa, kuma a yi shi da rani, kada sai hadari ya haɗu a ce mu zo mu sa hannu.