Me za mu kira "eye strain" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan gajiyar ido

Jama'a, assalamu alaikum. Makon jiya na tambaye ku sunan da za mu ba abin nan da Turawa ke kira eye strain, wato halin da ido ke shiga idan mutum ya wuni gaban kwamfuta ko waya. Amsoshi sun zo da yawa, Allah ya saka da alheri. Ga inda na tsaya, ga kuma dalilina.

Ƙanwata ce ta tayar da maganar. Tana buga takardu a wani shagon kwamfuta, kuma lokacin rajistar JAMB ba ta ɗaga kai tun safe sai la'asar. Ran nan na same ta cikin hunturu, fanka na busa mata a fuska, taga a bayanta rana na dukan sikirin, ita kuma ta matso har hancinta na neman taɓa shi. Ido ya yi jajir, tana murza shi da gefen mayafi. Ta ce mini, "Yaya, ciwon ido nake yi." Haka ta faɗa wa mai kemis, shi kuma ya miƙo mata maganin ɗigawa ba tare da ya tambayi aikin da take yi ba.

Mafi yawanku kun ce a bar shi a ciwon ido, tunda shi kowa ya sani. Ban yarda ba, kuma a nan zan daɗe. Ciwon ido buhu ne da muke zuba komai a ciki: Apolo, amosanin ido, yanar ido, hawan jinin ido. Da zarar Bahaushe ya ji "ciwo", ƙafarsa ta nufi kemis. To wasu magungunan ɗigawar suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke kwantar da jan ido nan take, mutum ya ji daɗi ya ci gaba da ɗigawa wata da watanni. Dogon amfani da shi babu likita yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido. Ka ga suna ya ɗauki mai ƙaramar matsala ya kai shi ga babba.

Mu duba abin da ke faruwa a idon, sai sunan ya fito da kansa. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan abu garai-garai mai aiki irin na gilashin tabarau, da wata tsoka kamar zobe kewaye da shi. In kana duban nesa tsokar a sake take. In ka dubi abu na kusa sai ta ɗaure, kuma haka za ta zauna muddin ba ka ɗaga kai ba. Kamar ka ɗauki tulu ka tsaya da shi awa biyar ne ba ka sauke ba. Abu na biyu shi ne ƙiftawa. Mutum kan ƙifta ido kamar sau 15 a minti, amma likitocin ido na Amurka sun ce gaban sikirin takan sauka zuwa sau 5 ko 7. Kowace ƙiftawa tana shafa wa ido ruwa da ɗan maiƙo. In ta ragu sai ido ya ƙafe, ya yi raɗaɗi kamar an watsa yashi, wani lokaci ma ya riƙa zubar da hawaye. Daga nan sai gani dishi-dishi, ciwon goshi, da riƙewar wuya.

Wani malami daga Zariya ya kawo tsamin ido, bisa tsamin jiki da manomi ke ji bayan huɗa. Wallahi ta burge ni, domin ta kama zancen tsoka daidai. Na gwada ta a gida, sai mahaifiyarmu ta ɗauka kwantsa nake nufi, ko idon da ya fara ruɓa. Kalmar da za a faɗa a rediyo ba ta da damar tsayawa ta yi bayanin kanta.

Tsaurin ido kuwa tana da mai ita tuntuni, yaron da ba ya kunyar manya. Bushewar ido rabin labarin ce kawai, kuma akwai cuta ta daban mai buƙatar wannan suna. Raunin ido ita ce ta fi kusa da asthenopia, sunan da likitoci suka samo daga Girkanci, amma mai jin ta zai zaci ganinsa ne ya fara tafiya, alhali masana ido sun ce abin ba ya barin lahani na dindindin.

Wasu matasa sun ce mu ara kawai, mu ce istiren, ai Apolo ma aro ce. Gaskiya ne. Annobar jan idon nan ta ɓulla a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, sunan ya bi bakin mutane har ya iso mu. Amma Apolo baƙuwa ce da ta zo ba mu da sunanta. Wannan kuwa tela ya san ta, mai ɗinkin hula ya san ta, alarammar da ke rubuta Alƙur'ani da alƙalamin kara ya san ta tun kafin a haifi kwamfuta. Ka shiga Farm Centre a Kano ka ga masu gyaran waya sun duƙufa a kan siraran wayoyin lantarki na cikinta da ba su kai kaurin gashi ba.

Saboda haka na ce gajiyar ido. Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta ce su a asibiti fatigue visuelle ake ce musu, wani ɗalibi a Sudan ya ce Larabawa na cewa ijhadul ain. Duk gajiya da wahalarwa suke nufi. Amma abin da ya fi ja na shi ne kalmar tana tafe da maganinta. Ko yaro ka tambaya maganin gajiya zai ce hutu.

In ana son a ware ta kwamfuta fa? An kawo gajiyar ƙura ido, sai dai a rubuce mai karatu zai ɗauka ƙurar hunturu ce. An kawo gajiyar kallon allo, tana da daɗin faɗa, amma allo na kai tunani tsangaya. Abin da mutane ke faɗa a shago shi ne sikirin. To, gajiyar ido ta sikirin.

Akwai kuma dokar 20-20-20, wadda ake dangantawa da wani masanin ido na Kalifoniya, Jeffrey Anshel: duk minti 20, ka dubi abin da ke nesa da kai ƙafa 20, kamar mita 6, na daƙiƙa 20. Ina ba da shawarar mu kira ta hutun ashirin. Na ce wa ƙanwata duk takardar da ta gama ta dubi bishiyar darbejiyar da ke tsallaken titi, ta ƙifta da gangan sau da yawa. Mun juya teburin taga ta koma gefenta, mun kawar da fankar daga fuskarta, mun tura sikirin baya tsawon hannu, tsakanin santimita 50 zuwa 70, samansa daidai ido ko ƙasa kaɗan, mun ƙara girman rubutu. Tabaran nan da ake tallatawa wai yana tare shuɗin haske ban saya mata ba. A 2023 masu bincike na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, sun tattara gwaje-gwaje 17, ba su ga yana rage gajiyar ido ba.

Roƙona ga masu gabatar da shiri a rediyo: duk inda kuka ce gajiyar ido, ku haɗa da cewa in an huta ba ta tafi ba, a je a auna ido. Sau da yawa tabarau mutum ke buƙata, musamman wanda ya haura shekara 40 ya fara nisanta waya kafin ya karanta saƙo. Hawan jinin ido kuma yakan ci gani shiru babu zogi. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, akwai sashen ido a manyan asibitocin jihohi.

Saura kalma ɗaya, glare, hasken nan da ke dawowa daga sikirin ya doki ido. Ni ina ganin ɗaukar ido ta wadatar, tunda muna cewa sabon kwano na ɗaukar ido da rana. Mutanen Sakkwato da Maraɗi, haka kuke faɗa, ko kashe ido kuka fi sani?