Aile ɗin jam'iyya: fiffike, reshe ko tsagi?

Jama'ar Damagaram, ku zo mu yanke wata magana. Tun da kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka zartar a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, masu fassara labarai suna ta tuntuɓe da kalmar Faransanci aile. A jikin tsuntsu ba gardama: fiffike ne, wasu su ce fuffuke, jam'i fukafukai. Jirgin sama ma haka, fiffiken jirgi ya zauna daram a baki. Rigimar tana farawa ne in an shiga siyasa.

Ku tuna lokacin da jam'iyyar CDS-Rahama ta dare biyu bayan zaɓen 2011. Jaridun Yamai suna rubuta aile Mahamane Ousmane da aile Abdou Labo. To ka ce wa dattijo a Birni "fiffiken Mahamane Ousmane" ka ga irin kallon da zai yi maka. Bafaranshe in ya ce aile, gefe yake gani, ɗaya dama ɗaya hauni. Bahaushe kuwa in ya ji fiffike, tashi yake ji, har da ɗan girman kai a ciki. Ai shi ya sa muke cewa in tururuwa ta tashi lalacewa, fiffike take yi. Ka laƙaba wa ɗan siyasa wannan kalma, ka yi masa baki ne ba ka sani ba.

Wani malamin lakwal ya rubuto mini cewa reshe ya wadatar. Mushe, da girmamawa, rabin hanya ka kai mu. Reshe yana manne da uwar bishiya, daga saiwa ɗaya suke sha. Don haka aile ta mata ko ta matasa a jam'iyya, reshe ce babu ja: reshen mata, reshen matasa. Amma mutanen da suka kai juna gaban alƙali a kan wa ke da hakkin riƙe sunan jam'iyya da tambarinta fa? Nan tsagi ya fi dacewa, don a cikinsa ana jin tsagewa. Tsagin wane, tsagin wane. Abin da ya samu jam'iyyar MNSD-Nassara ke nan tsakanin Seini Oumarou da Albadé Abouba, har Albadé ya fita ya kafa MPR-Jamhuriya a 2015.

Ɓangare fa? Ba laifi, amma ta cika faɗi. Ɓangaren lafiya, ɓangaren goro, ɓangaren gari, ko'ina tana shiga. A bar wa gini ita: aile ta asibiti ɓangaren asibiti ce, shi ke nan.

Dama da hagu na siyasar Turai kuwa, wannan tarihinsu ne. A majalisar Faransa ta 1789 masu goyon bayan sarki suka zauna dama da shugaban zama, masu neman sauyi suka zauna hagu. Mu ba mu zauna a zauren nan ba, kuma hagu a wurinmu hannun da ba a ci da shi ne, ba a miƙa wa babba kaya da shi. Ka ce wane ɗan hagu ne, mai sauraro zai ɗauka zagi ne. Masu ra'ayin riƙau da masu ra'ayin sauyi sun riga sun kama kunne, a bar su.

Aile ɗin filin ƙwallo ba ya buƙatar taro. Samarin fada suna cewa eliye, masu sharhi suna cewa ɗan wasan gefe, tsofaffin ƴan kallo kuma har gobe lamba bakwai da lamba sha ɗaya suka sani.

Saura ɗaya da na bar wa masu ita. Ƙarfen nan da ke rufe saman tayar mota, shi ma aile Faransawa ke ce masa. Wani ya kawo shawarar kumatun mota, kuma ni ta yi mini, don in mota ta sha karo a nan, kamar an mare ta take komawa. Iyayen gidanmu na gareji a Zango da Sabon Gari, me kuke ce masa in za ku aiki yaro ya kwanto shi?