Klando da kai saƙo a Garwa: yaya ake raba yini?

Ɗan Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Klando nake yi, wato ɗaukar fasinja a babur, a nan Garwa ta Kamaru da moton haya, kullum ina kai wa mai shi sefa 3,000. Ban da ɗaukar fasinja, akwai mata huɗu masu saida kaya a WhatsApp da nake kai musu saƙo: abinci, turaren wuta, humra, atamfa. Tun bayan asuba nake fita sai tara na dare, amma in na cire kuɗin mai da na mai moto, abin da ke saura bai taka kara ya karya ba. Ga fasinja a baya, ga waya tana ta ƙara, ga masu saƙo suna ƙorafin na makara. Don Allah waɗanda suka riga ni a sana'ar, yaya ake tsara yini aikin biyu su tafi tare?

Tsohon Klando:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kuɗin klando a garin nan yana da lokutansa, kuma duk ka haɗa su ba su kai awa goma sha biyar ɗin da kake yi ba.

Daga shida da rabi zuwa takwas na safe na 'yan lekol ne da ma'aikata, tunda makarantu da ofisoshin gwamnati bakwai da rabi suke buɗewa. Daga nan zuwa goma sai mata masu cefane da 'yan kasuwa masu zuwa buɗe shago. Bayan goma gari yakan yi sanyi, ba ya sake ɗauka sosai sai uku da rabi da aka tashi daga aiki, ya zarce har magariba. A waɗannan lokuta kada ka karɓi saƙon kowa, ko na wace ce. Ranar Laraba lekol da tsakar rana take tashi, sai ka matso da aikin yammanka. Juma'a akwai ciniki kafin masallaci da bayan an sauko. Lahadi kasuwar Pitowa, wani gari a wajen Garwa, ke ci, mai son tafiya mai tsawo can zai nufa tun da safe. Daga wajen 25 ga wata kuma, da albashin gwamnati ya fara sauka, bakin bankuna ya fi ko'ina.

Abin da ya fi cin 'yan klando shi ne yawo babu kowa a baya. Yi lissafin da kanka. Tun Fabrairun 2024 litar esansi a gidan mai ta koma sefa 840, shi ma zuwa-zuwa, man da ake saidawa a kwalba a bakin hanya, ya daina arahar da aka san shi da ita tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Moto mai inji 125cc da fasinja a kai, in injin lafiya lau ne, tana yin kilomita 35 zuwa 40 da lita ɗaya. Ke nan kowace kilomita sefa 21 zuwa 24 ce a mai kaɗai, ban da taya da sarƙa. Wanda ya yi kilomita 35 yana neman fasinja ya ƙone lita guda a banza, kuma mutane da yawa sun fi haka a yini ba su sani ba.

Maganinsa: in ka sauke mutum, kada ka juyo zuwa tasharka. Ka tsaya a mararraba mafi kusa, ka kashe moto, ka ba ta minti goma. In ba a samu ba sai ka matsa gaba. Ka zaɓi wuraren tsayawa uku a sassa daban-daban na gari, ka san shugabannin 'yan klandon wurin, ka biya abin da ake biya don kada a kore ka.

Tsakanin sha biyu da rabi da uku, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ajiye moto a inuwa. Ka yi azahar, ka ci abinci, ka runtsa ko na rabin awa ne. Saƙonnin matan nan ka tattara su tsakanin goma da sha biyu.

Uwar Turare:
Baba ya faɗi gaskiya, amma akwai inda zan ɗan gyara, don ba duk saƙo ba ne zai shiga tsakanin goma da sha biyu. Kaya iri biyu ne. Atamfa, turare, takalmi da kayan kwalliya suna iya jira. Abinci ba ya jira, kuma lokacinsa sha biyu zuwa ɗaya ne, daidai sa'ar da Baba ya ce a fara neman inuwa. Ƙanena, ko dai ka bar abinci gaba ɗaya, ko ka riƙe mai abinci ɗaya tak, awa ɗaya tak, kuma kuɗin kaiwarsa ya fi na sauran.

Sauran kayan ka yi musu zagaye biyu. Duk abin da aka sanar da kai kafin tara na safe ya shiga zagayen goma. Abin da ya zo bayan haka sai bayan magariba, lokacin mutane suna gida, ba a shan wahalar samun mai karɓa. Ka rubuta wannan ka tura wa kowace, su kuma su sa a status abokan cinikinsu su gani. Mai saye in ta san ƙarfe nawa kayanta za su iso ba ta damun kowa da kira. Rashin sanin ne ke sa ta bugawa sau biyar.

Yawancin lokacin da ke salwanta a kai saƙo a ƙofar gida yake salwanta, ba a hanya ba. Kada ka ta da moto sai mai kaya ta ba ka lamba biyu ta mai karɓa, da location, da wata alama ta ido, kamar masallaci ko injin niƙa ko launin ƙofa, tunda lungunanmu da yawa ba su da suna kuma alamar waya takan kauce da gida biyu ko uku. Ka kira mai karɓa lokacin da za ka taso, ba sai ka iso ba. A gidajen kulle sai an nemo yaron da zai fito, wani lokaci yana makarantar allo, wani lokaci an aike shi. In ka sanar da minti goma sha biyar kafin isowarka, za ka tarar da shi a zaure.

Kuɗin kaya kuma a biya mai su ta waya, ta Orange Money ko MoMo, kafin ka ɗauka. Da ka yarda kai ne mai karɓo kuɗi, ka shiga neman canji, da “bari maigida ya dawo”, da buɗe atamfa ana duba ta a rana ana cewa ba wannan launin aka gani a hoto ba. Wannan ciniki ne tsakaninsu, bai kamata ya ci lokacinka ba. Kuɗin kaiwa ka yanka shi bisa yanki, kowa ya sani tun farko, kuma ka faɗa cewa jiran da ya wuce minti biyar akwai ƙarin sefa 100.

Kafin ka fita ka jera kayan bisa hanya: na wajen Jambutu gefe ɗaya, na hanyar Pitowa gefe ɗaya, na ƙetaren gadar Binuwai gefe ɗaya. Kowace leda a manna mata takarda da suna da unguwa, wadda za a fara saukewa ita ce a sama. Humra da turare jakarsu daban, kwalba a tsaye, don in ta zuba a kan abinci ko yadi kai za a ce ka biya. Wayar kuma ka sa WhatsApp Business, akwai inda ake ajiye amsa ta tafi da kanta. Ka duba saƙonni in ka tsaya, ba kana tuƙi da ɗan mutane a baya ba.

Bakaniken Jambutu:
Ni ta ɓangaren moto zan yi magana. Minti biyar na dubawa da dare ake yinsa in an dawo, don abin da ka gano da asuba ya riga ya cinye maka cinikin safe, garaji bai buɗe ba.

Sarƙa: danna ta a tsakiya da yatsa, wasanta ya zama santimita 2 zuwa 3. In ta saki takan zame ko ta cinye haƙoran faranti, in ta ɗaure da yawa ta kashe boris, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kai. A ɗiga mata mai duk kwana biyu ko uku, a goge ƙasar tukuna. Bidanj, wato sauya man inji, duk kilomita 1,000 zuwa 1,500, wajen lita ɗaya ta mai samfurin 20W-50. Ga mai yin kilomita ɗari ko fiye a yini, kwana goma ke nan zuwa mako biyu. Waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su, man da ya tsinke a zafin Afrilu shi ke kawo hayaƙi da sauya zoben cikin inji. Lokacin hunturu matatar iska duk mako a buɗe ta: ta soso a wanke a shanya a shafa mata mai kaɗan, ta takarda a kaɗe kawai. In ta toshe moto na shan mai tana rasa ƙarfi.

Mai sayen zuwa-zuwa ya ɗaga kwalbar ya duba gindinta, ruwa da datti ƙasa suke kwanciya. A tace da ƙyalle, a sa ƙaramar matata a tiyon mai, kuma duk mako a kwance ƙusar da ke ƙasan kafireta a zubar da abin da ya taru. Buji (fulogi) ɗaya sabo da makullinsa su zauna a moto. Iskar taya da safe ake aunawa tana da sanyi, taya mai ƙarancin iska ita ce ke zafi ta tsinke tub.

Aikin garaji ka sa masa rana, da tsakar rana lokacin da babu ciniki, ka gaya wa bakanike tun jiya. Ku kuma rubuta da mai moto wa ke biyan bidanj, wa ke biyan taya. Takardu su zama a jikinka cikin leda: permi (lasin tuƙi) na rukunin A, kart giriz (takardar rajistar moto), asurans (inshora), ga rigar aiki da hular kwano, kamar yadda dokar 2008 ta masu moton haya ta tanada. Moton da aka kai furiyar, inda hukuma ke ajiye wadda aka kama, yini guda take ci, wani lokaci biyu, kuma mai ita ba zai yafe 3,000 ɗinsa ba.

Mai Lissafi:
Ɗan'uwa, sayi ƙaramin littafi ka yi mako biyu kana rubutu. Duk lokacin salla ka rubuta abu biyu: kuɗin da ya shigo tun sallar baya, da lambar kilomita da ke kan agogon moto. Na fasinja daban, na saƙo daban. Bayan mako biyu ka raba kuɗin kowane zango da awanninsa, ka cire mai. A nan za ka ga ko awa biyun ƙarshe na dare suna biyan kansu, da kuma wace ce cikin matan huɗu aikinta ke cin lokaci fiye da abin da yake kawowa.

Kuɗin mai moto da na man gobe su ne farkon fita daga cinikin safe, a aljihu daban ko a tura su cikin waya. Sannan sefa 500 ta gyara kullum, a wurin da hannu ba ya kai wa da sauƙi. Saboda ɗauke wuta, ka mallaki power bank mai 10,000 mAh, yana cika waya sau biyu.

Abu na ƙarshe ina roƙonka da shi. Kada gajiya ta kai ka ga shan ƙwayar tramol, ko da abokan tasha sun ce yana ƙara ƙarfi. Yana ɓoye gajiya ne kawai, yana kawo farfaɗiya a kan hanya, kuma barinsa wuya ne. Barcin awa bakwai, da ruwa lita uku ko fiye a ranar zafi. In jiri ya kama ka ko fitsari ya yi ja, ka zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ka sha a hankali a inuwa.

Ɗan Yelwa:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Hajiya, in ɗaya cikinsu ta ƙi yarda da zagaye biyun, ta ce ita kayanta nan take take so a kai fa?

Uwar Turare:
Sai ka ba ta farashi biyu. Na zagaye yadda kuka saba, na gaggawa kuma ninki biyu, tunda tafiya da dawowa za ka yi don ita kaɗai, kuma ban da lokacin 'yan lekol safe da yamma. Ka faɗa mata da ladabi mako guda kafin ka fara, don ta sanar da masu sayenta. In ta ga tsada, ka haɗa ta da wani ɗan klando amintacce da zai riƙa yi mata na gaggawar, kai ka riƙe na zagaye.