Neman shawara: wane juyin Littafi Mai Tsarki zan riƙe wajen koyar da labarin itacen da aka hana?

Malamar Ajin Matasa:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ku yi haƙuri da tsawon saƙon nan, domin tun Lahadin da ta wuce hankalina bai kwanta ba. Ni ce ke koyar da ajin matasa a makarantar Lahadi ta ikkilisiyarmu, aikin da ban nema ba. Malamar da ke riƙe da ajin ce ta yi aure ta ƙaura, aka rasa mai karɓa, shugabar zumuntar mata ta ce in riƙe na ɗan lokaci, ɗan lokacin nan kuwa har yau bai ƙare ba. Littafin da nake koyarwa da shi na marigayi mahaifina ne, tsohon juyi wanda bangonsa ya rabu har sai da na ɗaure shi da zare, gefen shafukansa kuma cike yake da rubutun hannunsa da jan biro. Da shi ya koya mana karatu, shi ya sa ban taɓa tunanin ajiye shi ba.

Muna nazarin Farawa sura 2 da 3, na karanta inda Allah ya gargaɗi Adamu cewa a ranar da ya ci daga itacen sanin nagarta da mugunta lalle zai mutu. Sai wata yarinya ta ɗaga wayarta ta ce juyin da ke hannunta bai ambaci rana ba, cewa ya yi sa'ad da ya ci. Ta ƙara da cewa sun ci ba su faɗi matattu ba, har Farawa 5:5 ta ce Adamu ya yi shekara 930, to ko maciji ne ya faɗi gaskiya? Kafin in numfasa wani yaro ya ce ya duba surar daga farko har ƙarshe bai ga tuffa ba, alhali ita ce a hoton da ke bangon ajinmu. Na ba su amsar da ta zo mini, na kuma ce kowa ya buɗe juyinsa mu kwatanta. Yanzu wani uba ya kai ƙara, dattijon da ke kula da makarantar ya ce daga yau juyi ɗaya za a riƙa karantawa, a daina shigowa da waya, kada a shuka shakka a zukatan yara. Wane juyi ne daidai? In bi umarnin ne, ko in ajiye ajin?

Maman Zumunta:
'Yata, ki bi maganar dattijo, domin abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Wayar nan ita ce ta raba ni da ɗana. Yana zaune kusa da ni a sujada, kansa a sunkuye, in na yi magana ya ce nassi yake karantawa, alhali ina ganin hasken allon yana canja launi. Mu da muka haddace ayoyi daga littafi ɗaya, har yau suna nan a kanmu, amma su da suke da juyi goma ba wanda zai kawo miki aya ɗaya da ka.

Tsohon Ɗalibin Tauhidi:
Mama, a gafarce ni, amma maganar ba ta waya ba ce. 'Yar'uwa, tambayar wane juyi ne daidai ita kanta tana buƙatar gyara, domin Farawa da Ibrananci aka rubuta ta, duk abin da muke riƙe da shi kuma aikin masu fassara ne. Tun wajen ƙarni na uku kafin Almasihu Yahudawan Iskandariya suka fara mayar da Attaura zuwa Helenanci, kuma marubutan Sabon Alkawari sun sha ɗauko ayoyi daga wannan juyi ba tare da jin sun yi laifi ba. Jerome, wani malamin ikkilisiya na dā, ya yi juyin Latin a ƙarshen ƙarni na huɗu, Turawan Ingila suka fitar da na Sarki James a 1611, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma bai fito ba sai 1932, da ƙoƙarin Dakta Walter Miller da abokan aikinsa, aka sake wani juyi a 1979. Juyi ɗayan da dattijonki yake so a riƙe, shi ma sabo ne a zamanin kakansa.

A kan Farawa 2:17, juyin mahaifinki da na yarinyar duka suna da hujja. Ibranancin ya ce a ranar, amma ana amfani da wannan furuci da ma'anar lokacin da, kamar a Farawa 2:4 inda aka ce a ranar da Ubangiji Allah ya yi duniya da sammai, bayan sura ta farko ta ƙirga kwana shida. Ki kuma duba 1 Sarakuna 2:37, inda Sulemanu ya ce wa Shimai a ranar da ya fita ya ƙetare rafin Kidron lalle zai mutu. Shimai ya tafi Gat neman bayinsa, ya dawo, sannan aka kira shi aka zartar da hukuncin. Ranar laifin ce ta tabbatar da mutuwar, ko da ba a ranar aka binne mutumin ba. Adamu ma a ranar aka kore shi daga gonar, aka tsare hanyar itacen rai.

Yaron kuwa ya yi gaskiya. Nassi 'ya'yan itace kawai ya ce, itacen da aka ambata da suna a surar shi ne ɓaure, wanda suka ɗinka ganyensa suka rufe tsiraicinsu. Tuffa daga al'adar Turai ta shigo, masana da yawa kuma suna danganta abin da Latin, inda kalmar mugunta da ta tuffa suke kama da juna. Malaman Yahudawa na dā ɓaure da inabi da alkama suka riƙa ambata. Ki cire hoton nan, ki rubuta waɗannan ayoyi a takarda, ki kai wa dattijon ya karanta da kansa.

Ɗan'uwa Mai Sauraro:
Ni abin da ya taɓa ni shi ne yarinyar. Ina yaro na tambayi malaminmu inda Kayinu ya samo mata, ya sa ni durƙuso a gaban aji ya ce Shaiɗan ne ke magana ta bakina. Na yi shekaru ban sake taka ƙofar majami'a ba, kuma har yau ba wanda ya nemi gafarata. Shawarata ki ajiye ajin kawai, domin irin waɗannan dattawa ba sa canjawa.

Malamar Ajin Matasa:
Na gode muku duka. Mama, yarana ba wasa suke yi da wayar ba, ina zagayawa ina dubawa. Malam, ba zan iya cire hoton ba, domin malamar da ta gabace ni ce ta saye shi da kuɗinta, kuma 'yan'uwanta suna cikin ikkilisiyar. Kai wa dattijo takarda kuma ai tamkar in ce masa bai san nassi ba ne. Ajiye aji ma ba zai yiwu ba, don babu wanda zai karɓa.

Malamar Makaranta Mai Ritaya:
Ƙanwata, har yanzu ba ki faɗa mana amsar da kika ba yarinyar ba, ba ki kuma ambaci sunan juyin da ke wayarta ba, alhali ina zaton a nan ƙarar ta samo tushe. Ban kuma yarda da Malam cewa ajin matasa wurin Ibrananci da Latin ba ne. Bulus ya gaya wa Timoti a wasiƙarsa ta biyu, 3:16-17, cewa nassi hurarre ne domin koyarwa da tsawatarwa da gyaran hali, Yahaya 20:31 kuma ta ce an rubuta ne domin mu ba da gaskiya mu sami rai. Labarin gonar ba a ba mu shi don mu gano irin itacen ba. An ba mu ne don mu ga yadda mutum yake shakkar alherin Allah, ya miƙa hannu, ya ɓuya, sannan ya ɗora laifi a kan wani, da kuma yadda Allah ya fito neman su har ya yi musu tufafin fata. Ki ɗauki juyi mai fitar da ma'ana cikin sauƙin harshe, kamar yadda Lawiyawa suka karanta suka bayyana ma'ana a Nehemiya 8:8, ki bar gardamar kalmomi ga masu ita.

Tsohon Ɗalibin Tauhidi:
Mama Malama, da girmamawa, kalmomin da kike cewa a bari su ne ke riƙe da ma'anar. Farawa 3:6 a Ibrananci ta ce matar ta ba mijinta da yake tare da ita, amma juyin Jerome ya bar wannan guntun furuci, haka ma juyin Turanci na RSV na 1952. Wanda ya karanta irin waɗannan sai ya ɗauka Adamu yana can nesa aka yaudari Hauwa'u, daga nan kuma aka yi ta jibga wa mata laifin duniya, alhali Romawa 5:12 ta ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo, Adamu kuma take nufi. Haka nan a 3:3 matar ta ce an hana su ko taɓa itacen, abin da babu shi a umarnin 2:17, kuma mai karatu da hanzari ba zai lura ba. Farawa ma ba ta kira macijin Shaiɗan ba, sai a Wahayin Yahaya 12:9 aka haɗa su. Juyi mai bin kalma da kalma shi ne tushe, sauran mataimaka ne, kuma a kan wannan ba na ja da baya.

Maman Zumunta:
To ga shi nan, ku manya ma kun kasa daidaitawa, ina ga yara? Da littafi ɗaya ne a hannun kowa da duk wannan bai taso ba.

Malamar Ajin Matasa:
Mama Malama, abin da na gaya wa yarinyar shi ne mutuwar ruhu ake nufi, haka mahaifina ya rubuta a gefen ayar, kuma ban ga abin ƙara a ciki ba. Sunan juyin ban riƙe ba, na Turanci ne dai. Juyi mai sauƙi kuma ba zan koma masa ba, domin in na ajiye littafin mahaifina ji zan yi kamar na ajiye shi ne shi kansa. Dattijon ya ce zai zauna a ajin Lahadi mai zuwa, darasin kuma Kayinu da Habila ne. Har yanzu ban ji wanda ya faɗa mini abin da zan yi idan yarinyar ta sake ɗaga hannu ba.

Ɗan'uwa Mai Sauraro:
Kayinu da Habila kika ce? To ki shirya, domin tambayar matar Kayinu tana tafe. Malam, kai da ka yi karatun, a ina ya samo ta?