Hasashen Kamen Rider: abin da tsofaffin masu kallo suka ce a duba

Waɗanda suka daɗe suna bibiyar Kamen Rider, shirin talabijin na jarumai na kamfanin Toei na Japan da aka fara a 1971, sun fi tsayawa kan shawara ɗaya: mai son hasashensa kan abin da zai faru a labarin ya yi daidai ya dubi jadawalin kayan wasan Bandai tukuna. Sabon bel (wanda jarumi ke ɗaurawa don ya sauya siffa) ko sabuwar rigar jarumi kan bayyana a shirin ne daf da shigarsu kasuwa. Shi ya sa ƙarin ƙarfi ke yawan faɗowa a Disamba, lokacin cinikin Kirsimeti, siffar jarumi mafi ƙarfi kuma sai labari ya yi nisa sosai.

A 'yan shekarun nan sabon labari yana farawa a Satumba, ya yi kashi kusan 50 a tashar TV Asahi duk safiyar Lahadi, ya ƙare a Agusta. Don haka jarumin da ya "mutu" tun kafin tsakiyar labari, alhali ba a gama sayar da kayansa ba, kada a yi saurin yi masa makoki.

Inda hasashe ya fi rushewa shi ne tallar kashi na gaba. Da gangan ake yanka ta, a ɗora maganar wannan kan fuskar wancan. Sau da yawa kuma kashi biyu ne ke ɗauke da rikici guda, yanke hukunci daga na farko gaggawa ce.

An yi saɓani kan hotunan kayan wasa da ke fita kafin lokaci. Wasu na dogara da su, wasu sun ce suna kashe daɗin kallo. Mai yaɗa su dai ya sa gargaɗi a sama.