Kuɗin yawon buɗe ido na ƙaruwa a duniya: me ya iso Jos?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa a 2024 matafiya kusan biliyan 1.4 ne suka ƙetare iyakokin ƙasashe, suka kashe kimanin dala tiriliyan 1.6, kuma Gabas ta Tsakiya ce ta riga sauran yankuna farfaɗowa bayan korona. Ina roƙon masu cin abinci a wannan harka su faɗa mana abin da suka gani da idonsu.

Wakilin tafiye-tafiye, titin Ahmadu Bello: Wa alaikumus salam. Na ga ƙaruwar a ofishina, sai dai kuɗin fita suke yi. Duk da karyewar darajar naira tun 2023, kujerun Umra na watan azumi ba sa kwantai, kuma duk wanda na tura Makka, kuɗin masaukinsa da tsarabarsa suna shiga lissafin Saudiyya ne. Wato da gumin mutanenmu ake gina wani ɓangare na alƙaluman da Malam ya kawo.

Mai masaukin baƙi a Rayfield: Gaskiya ne, Alhaji. Mahaifina ya riƙe wannan gida kafin rikicin Jos na 2001, lokacin da Turawa ke kwana a nan don su ga kayan tarihin tsohuwar al’ummar Nok a gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952. Yanzu baƙina ’yan biki ne da mahalarta taro daga Kano da Abuja, waɗanda sanyin garin ke jawowa. Baƙon waje da zan gani, galibi ma’aikacin ƙungiyar agaji ne, kuma tambayarsa ta farko kan tsaro ce. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai.

Mai yi wa baƙi jagora: Hajiya, ni kam ban fid da rai ba. Matasa daga Abuja suna zuwa ƙarshen mako su hau duwatsun Shere, su tsaya a magangarar ruwa ta Assop, kuma suna biya ba tare da ciniki ba. Maroko ta karɓi baƙi fiye da miliyan 17 a 2024, Ruwanda kuma tana karɓar dala 1,500 kan izinin ganin gwaggon biri, domin sun gyara hanya sun horar da jagorori. Ni har yau da babur nake kai baƙona gindin dutsen idan damina ta yi nisa.